Ranar da Kawu Ya Kai wa Likita Wake

Na raka mutane asibiti ba adadi, yawanci kuma na manta yadda aka yi, amma akwai zuwa guda da na tabbata ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi. Shi ne zuwan da na yi da kawuna, yayan mahaifiyata, a ƙarshen wata bazara, lokacin ina aikin fassara da karanta labarai a wani gidan rediyo a Dutse. Har yau in na ga mutum ya fito daga asibiti da babbar ambulan ɗin nan ta hoton ƙashi a hammata, sai dariya ta taso mini tare da 'yar kunya, domin ni ma ina da hannu a abin da ya faru.

Kawu manomi ne a wani ƙauye kusa da Aujara. Yana noma gero da dawa da riɗi kamar kowa, amma da wake aka san shi. Duk wanda zai sayi wake na ajiya, shi yake kira ya duba masa. Zai tura hannu can ƙasan buhu, ya damƙo, ya shinshina, ya baza a tafin hannu, ya gaya maka ko ƙwaro ya shiga, har da watannin da za a yi kafin ya zama gari. Ban taɓa jin an ce ya yi kuskure ba. Abu na biyu da yake ji da shi, shanun huɗarsa ne guda biyu, fari da ja, waɗanda ya saya suna maruƙa, ya shekara biyu yana koya musu bin kunya. Da su ake huɗe gonar da ke ci da gidan gaba ɗaya.

A shekarar ne hannunsa na dama ya fara ciwo. Zafi ya taso daga wuya, ya bi kafaɗa, ya gangaro har babban yatsa da manuni, su kuma su sage kamar ba nasa ba. Ko carbi ya riƙe sai ya zame. Shi da kansa ya gano cewa in ya ɗora hannun a ka, zafin yana lafawa, don haka ya shiga yawo a gari da hannu a ka. To, kun san yadda muke da wannan. Duk wanda ya hango shi sai gabansa ya faɗi, ya ƙaraso da salati yana tambayar wa ya rasu. Matarsa, wadda muke kira Iya, ta gaji da sauke masa hannun, ta bugo mini waya ta ce in zo in ɗauke shi kafin a cika mata gida da 'yan gaisuwa ba gaira ba dalili.

Likitar da ta gan mu a Dutse mace ce, ba za ta girmi babbar 'yarsa ba, mai magana a hankali. Ta sa shi ya matse yatsunta, ta ƙwanƙwasa hannunsa da 'yar gudumar roba, sannan ta karkatar da kansa dama ta ɗan danna. Kawu ya zabura ya ce, "Yauwa, ga shi nan, ya tafi har yatsa!" Ta rubuta takarda ta ce a je a yi hoton wuya.

A ɗakin hoto aka ce ya cire hula da duk wani abu mai ƙarfe. Aka ɗauka ta gaba, aka ɗauka ta gefe. Da mai ɗaukar hoton ya kama kafaɗunsa ya juya shi rabi da rabi, ya ce ya tsaya haka, sai Kawu ya ce, "Yaro, ni duk hoton da aka taɓa yi mini, cewa ake in dubi gaba in gyara hula. Kai kuma ka karkata ni kamar mai saurare a bayan danga?"

Mutumin ya yi dariya ya ce, "Baba, abin da muke nema ba ya fitowa sai an karkace." Ya ɗauka ta dama, ya sake juya shi ya ɗauka ta hagu. Daga ni har Kawu babu wanda ya tambayi mene ne abin da ake neman.

Kafin hoton ya fito an kira likitar wani aikin gaggawa, nas ta ce mu dawo ranar Litinin. Ni kuma ina da labaran ƙarfe huɗu, lokaci ya matse. Na kai Kawu tasha, na sa shi a mota, na ɗora masa ambulan a cinya. Na gaya masa kada a naɗe ta, kada ruwa ya taɓa ta, kada yara su yi wasa da ita. Na faɗi komai game da ambulan ɗin nan, ban da abu guda: cewa abin da ke ciki ba namu ba ne mu karanta.

Kwana uku bayan haka Iya ta sake bugowa, wannan karon babu wasa a muryarta. Ta ce, "Kai ɗan nan, me kuka yi wa kawunka a Dutse? Tun da ya dawo yake bi gida-gida yana neman gafara. Har wanda suka yi rigimar iyakar gona da shi ya je ya samu. Yau kuma ya kira dillali, wai shanu za su kasuwa."

Washegari da hantsi ina ƙauyen. Na tarar da shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, cikin rigarsa ta Juma'a, dattawa huɗu ko biyar sun kewaye shi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda ya natsu. Ba ya kuka, ba ya ƙorafi, har raha yake yi, irin ta wanda ya gama shirin tafiya yana jiran mota. Bayan gaisuwa ya zaro ɗaya daga cikin hotunan, ya ɗaga shi saitin rana, ya ce in matso.

Na ga ƙasusuwan wuya fari-fari, an ɗora wani kan wani. A gefensu kuma ga wasu baƙaƙen ramuka mulmulallu, kowanne kamar ƙwayar wake, sun fito raɗau. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na tsorata. Na shekara da shekaru ina karanta labaran lafiya a rediyo, amma ban taɓa riƙe hoton wuyan mutum ba, ban kuma san rami yana da wurin zama a jikin ƙashi ba.

Kawu ya ce, "Ƙwaro ne. Shekara hamsin ina ganin aikinsa. Daga ciki yake farawa, waje lafiya ƙalau. In ka ga rami ya fito fili haka, to ciki ya gama zama gari." Sai ya sauko da yatsa ƙasa kaɗan, inda ƙashin ya kusa haɗewa, babu rami sai ɗan tsagi. Ya ce, "Nan kaɗai ya rage mini. Wannan ne ke riƙe da kaina. Ranar da suka iso nan, shi ke nan."

A cikin dattawan akwai taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, wanda shi Kawu ke kira Ɗan Gwaggo. Tun suna yara ba su taɓa zama wuri ɗaya ba tare da sun tsokani juna ba. Shi ne ya gyara zama ya ce, "Ni da ma na daɗe ina jin ƙas-ƙas in ka waiwaya, na ɗauka goro kake tauna. Amma abin ai da sauƙi. A shanya ka a rana kwana uku, a barbaɗe ka da barkono, a zuba ka a buhun nan mai leda a ciki a ɗaure baki. Mu gani ko wani ƙwaro zai yi rai."

Kawu ya ce, "Ka ji ɗan mace. Ana maganar lahira yana maganar buhu."

"To tunda tafiyar ta zama dole, ka bar mini jan san. Farin ban so, ya ɗauko rowar mai shi."

Aka yi dariya, har da Kawu. Amma da na tashi zan shiga gida, Ɗan Gwaggo ya biyo ni zaure ya kama hannuna, ya ce a hankali, "Ɗana, ka san abin yi. Wallahi kwana biyu ke nan tuwo ba ya wuce mini."

Da muka keɓe na tambayi Kawu me ya haɗa ciwon da shanu. Ya ce yaransa duk suna birni, babu mai riƙe garma. Ba ya so ya bar wa Iya dabbobi biyu masu ci kamar wuta, ba ya kuma so a zo ana ja-in-ja a kansu bayansa. Gara ya sallame su da hannunsa ga wanda zai kula da su, gonar kuma a ba maƙwabta aro. Na ce masa hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ruwa bai fi mako biyu ba, in shanun nan suka fita babu inda za a samo horarru kafin huɗa, shekarar ta tafi ke nan. Ya ce ya sani, ai shi ya sa yake so ya sallame su yanzu da ake nemansu.

Sai na gyara murya na ce, "Kawu, masana harkar lafiya suna gargaɗin cewa bai kamata marar lafiya ya yanke wa kansa hukunci ba tare da..."

Ya ɗaga mini hannu. "Wannan muryar ta ƙarfe huɗu ce, ajiye ta. Kai dai gaya mini tsakaninka da Allah, ka san mene ne ramukan nan?"

Na ce ban sani ba.

Ya ce, "To ni na sani."

Iyakar abin da na samu a ranar shi ne alkawarin zai dawo Dutse ranar Litinin. Ba don yana shakka ba. Cewa ya yi yana so likita ta gaya masa ko zai ga kaka, don ya san yadda zai tsara sauran al'amura. Litinin ɗin kuwa ita ce jajiberin kasuwar da za a kai shanun, ya riga ya ce wa dillali ya zo bayan la'asar ya kora su.

Suka iso da safe shi da Ɗan Gwaggo, wanda ya ce ya zo ne don ya riƙe masa hula in kan ya faɗo. Layi ya yi tsawo, ba mu shiga ba sai da aka yi azahar. Likita ta amsa gaisuwa, ta zaro hotunan nan biyu na karkace, ta jera su a jikin allon haske. Kafin ta buɗe baki Kawu ya riga ta.

Ya ce, "'Yata, kada ki wahalar da kanki wajen neman yadda za ki gaya mini. Na riga na gani." Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙullin tsumma, ya kwance a kan teburinta. Wake ne wanda ƙwaro ya ci, cike da tafin hannu, har da 'yan ƙwarin biyu ko uku da suka bazu a kan takardunta. Ya ce, "Ga shi, ga kuma nawa can a allo. Aiki ɗaya ne."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ita kuwa ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta juya ta, ta dubi allo, ta sake duban ƙwayar. Na ga lokacin da ta gane, domin ta ɗan ciji leɓe. Da ta yi dariya a nan, ko ta ce masa wannan ai shirme ne, na tabbata da ya kwashe wakensa ya tafi, shanu kuma sun kwana a hanyar kasuwa. Ba ta yi ba. Ta jawo kujerarta kusa da shi.

Ta ce, "Baba, ni ban san wake ba sai a tukunya. Koya mini. Shi ƙwaron, ta ina yake hudawa?"

Kawu ya gyara zama, an zo fagensa. "Ta ko'ina. Ba shi da tsari. Dubi wannan, rami ɗaya a ciki. Wannan uku, biyu a baya ɗaya a baki. Wannan kuwa bai taɓa shi ba, alhali tare suka kwana."

"In na ɗauki ƙwaya biyu, zan samu ramukansu wuri ɗaya?"

"Haba 'yata. Ɓarawo ne fa, ba magini ba."

Ta miƙa masa bironta ta ce ya taso. Ta nuna hoton farko ta ce wannan ɓangaren hagu ne na wuyansa, ya ƙirga mata ramukan. Ya bi su da bakin biro daga sama zuwa ƙasa, ya ce shida. Ta ce ya ƙirga na dama. Ya ƙirga ya ce biyar. Ta ce ya duba mata tazarar da ke tsakaninsu. A gida ɗaya-ɗaya ya riƙa ɗaga hotunan a rana, bai taɓa ganinsu kafaɗa da kafaɗa ba. Yanzu sai ya matsa kusa da allon. Ya auna da biro daga rami zuwa rami, ya koma ɗaya hoton ya auna, ya ja da baya ya ƙanƙance ido, kamar yadda yake yi in ya tsaya a bakin gona yana duba layi.

Can ya ce, kamar da kansa yake magana, "Kowanne yana kallon ɗan'uwansa. Taki ɗaya, girma ɗaya." Ya juyo ya dube ta. "Wannan ba ɓarna ba ce. Shuka ce. Wanda ya yi wannan da awo ya yi."

Ta ce, "Wanda ya halicce ka ne ya yi, Baba. Da su aka haife ka. Ni ma ina da su, ɗanka ma yana da su."

Sai ta yi mana bayani, kuma ban taɓa jin bayanin da ya shige ni kamar wannan ba. Ta ce ƙasusuwan wuya bakwai ne, laka tana bi ta tsakiyarsu. Tsakanin kowane ƙashi da na ƙasansa akwai 'yar taga a dama da 'yar taga a hagu, ta nan jijiyoyi ke fitowa daga laka su tafi kafaɗa da hannu. Tagogin ba sa kallon gaba sosai, ba sa kallon gefe sosai, shi ya sa sai an karkata mutum suke fitowa a hoto. Ta ce akwai ma wasu ƙananan ramuka a gefen ƙasusuwan, inda jijiyar jini ke bi ta hau kai, waɗanda wannan hoton bai nuna ba.

Sannan ta ce, "Amma ka ce mini hagu shida, dama biyar. In da gonarka ce, ina rami na shidan ya kamata ya faɗa?"

Kawu ya sake ɗaukar awo da biro, ya sauko taki-taki, bakin biron ya sauka daidai kan wurin nan da ya nuna mini a gindin darbejiya, ƙashin da ya ce shi kaɗai ya rage masa.

Ta ce, "To nan ne ciwonka. Taga ce ita ma, amma shekaru da ɗaukar kaya a ka sun sa ƙashi ya yi leɓe ya rage mata faɗi. Jijiyar da ke fita ta nan ita ce ke tafiya babban yatsa da manuni." Ta bi da yatsanta daga wuyansa, ta kafaɗa, har yatsun nan biyu, daidai hanyar da zafin ke bi. Ta ce ɗora hannu a ka da yake yi yana sassauta jijiyar ne, kamar igiyar da aka rage wa ja.

Kawu ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce, "Wato mai lafiyar shi ne marar lafiyar?"

Nan Ɗan Gwaggo ya kasa daurewa. Ya yi dariya har ya zamo daga benci, har nas ta leƙo ta ga ko lafiya. Yana share hawaye yana cewa, "Shekara hamsin ana kiranka zaɓen wake! Aka ba ka buhu guda, ka zubar da masu kyau, ka rungume ruɓaɓɓen!"

Kawu ya nuna shi da biro ya ce wa likita, "Shi ma wannan ɗan macen yana da ramukan?" Ta ce yana da su. Ya ce to a ɗauki nasa ya gani da idonsa. Ta ce hasken na'urar ba a haska wa mutum shi sai da dalili. Kawu ya ce, "Ba komai, bar shi. Ni na san inda nasa suke, a tsakiyar kai."

Da dariya ta lafa, ta gaya masa gaskiya ba ragi. Ta ce leɓen ƙashin ba zai koma ba, amma kumburin da ke kewaye da jijiyar yakan sauka, yawancin masu irin wannan kuma suna samun sauƙi ba tare da an yi musu aiki ba. Ta rubuta magani, ta tura shi sashen gashin ƙashi, ta ce ya rage tudun matashi. In ya ga hannun yana rasa ƙarfi, ko ƙafa ta fara harɗewa, ya dawo a ranar, sai a tura shi Kano a sa shi a babbar na'urar da ke nuna jijiyar kanta. Ya tambaya ko zai iya huɗa. Ta ce zai iya bin garma a hankali in zafin ya lafa, yana hutawa, amma wani ya riƙa ɗaga ta. Ɗaukar kaya a ka kuwa, an gama.

Ya ce, "Haba 'yata, namiji ya ga dami a ƙasa ya wuce?"

Ta ce, "Ba ka da amalanke?"

"Ina da ita."

"Wa ke janta?"

Kawu ya buɗe baki zai ce shanu, sai ya tuna da dillali. Ya ɗaga kai ya dubi agogon bango. Ya miƙe ko waken bai kwashe ba, ya ce mini, "Kira Iya. Kira ta yanzu."

A barandar asibitin na kira, na buɗe muryar wayar don ya ji. Iya ta ɗauka a bugu na biyu. Kawu ya ce, "Mutumin nan ya zo?"

Ta ce, "Ya zo tun kafin azahar da igiyarsa, wai yana so su isa da haske. Ga shi can a zaure, na dama masa fura."

"Shanun fa?"

"Shanu suna turkensu. Ni ma ina nan, na kafa kujerata a tsakaninsu ina tsinkar zogale. Na ce masa in zai kora su sai dai ya haɗa da ni, ya ga ko zan yi kuɗi a kasuwa. Malam, me likitar ta ce?"

Kawu ya yi gyaran murya ya ce, "Ta ce ramukan na Allah ne."

Muka ji ta yi hamdala sau uku, sannan ta ce, "Ai ni tun ranar na ce maka ka jira masu abin, ka ce me mace ta sani da ƙwaro."

Ya ce ta kai wa dillalin wayar. Wannan shi ne wuri mafi nauyi a gare shi, domin Kawu mutum ne da ba a san shi da magana biyu ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu, kamar mutumin yana gabansa, ya ce, "Malam, na ba ka magana, yau kuma zan karɓe ta. Ka yafe mini. Karatu na yi, na karanta ba daidai ba." Dillalin ya ce wallahi da ma ƙafarsa ba ta so zuwan ba, Allah ya ƙara lafiya, furar ma ta biya shi wahalar hanya.

A hanyarmu ta zuwa tasha na ce masa, "Kawu, laifina ne. Da na tsaya ranar, ko na riƙe hoton a wurina, da duk haka ba ta faru ba." Ya ce, "Kai ka ba ni hoto ba baki. Ni kuma na sa masa bakin da nake da shi."

Ruwa ya sauka bayan kwana goma da ɗoriya. Na je ƙauyen da huɗa, na tarar da shi a bayan fari da ja, yana tafiya a hankali, wani maƙwabci yana juya masa garma a ƙarshen kunya, Ɗan Gwaggo kuma yana zaune a inuwa yana ba da umarnin da babu mai bi. Zafin ya ɗauki makonni kafin ya lafa. Babban yatsan yakan ɗan sage har yanzu in ya yi aiki da yawa, amma gidan ya ci gero daga gonarsa a shekarar, da kuma shekarun da suka biyo baya.

Abin da na koya bai da yawa, amma ya zauna mini. Kawu ba jahili ba ne, gwani ne, kuma gwanintarsa ce ta kusa raba shi da shanunsa. Mutum ba ya iya zama da abin da bai gane ba, dole ya fassara shi da abin da ya sani, in kuwa ya san abin sosai, zai yi kuskuren da cikakken tabbaci. Ni na zo masa da muryar masana, bai saurare ni ba. Likitar ta zauna ta ce ya koya mata, ya bi saninsa da ƙafarsa har ya iso gaskiya. Tun daga ranar, in na raka mutum asibiti aka ba mu sakamako, ba na sa shi a mota sai wanda ya san abin ya karanta masa, ko da zan makara a wurin aiki. In kuma ni zan yi wa wani bayani, nakan fara tambayarsa shi me ya gani.